Inji Lafiya Lau, Mota Ta Ƙi Tafiya

Duk wanda ya bi hanyar Kaya daga tsakiyar Wagadugu, ya bar dajin Bangr-Weogo a gefe, ya ratsa Somgande ya doshi Kossodo, ba zai rasa ganin gareji a bakin titi ko a cikin lungu ba. Da wuya kuma a samu garejin da babu wata mota da ta kwana biyu a gindin bishiya, jar ƙura ta rufe gilashinta, tayoyi sun sace. Da yawansu ba haɗari suka yi ba, inji ma bai buga ba. In aka ɗaura batir aka murza makulli, bugu ɗaya za su tashi. Giyabos ne ya mutu. Mai mota ya tambayi kuɗin wani na gwanjo, ya ji abin da aka yanka masa, ya ce zai dawo bayan salla, shi ke nan.

Wannan asara ta fi faɗawa kan matasa, shi ya sa maganar tasu ce. Saurayi ya yi shekaru yana ƙulla kuɗi har ya sayi mota, ko mahaifinsa ya damƙa masa ta gida ya riƙa kai nama kasuwa daga mayankar Kossodo, ko budurwa ta samu aiki ta sayi ƙaramar Toyota don ta huta da ƙurar babur. Tun da aka rushe tsohon zangon Hausawa na Zangwetin a 2003 saboda aikin sake fasalin tsakiyar gari da ake kira ZACA, iyalai da dama suka koma gefen gari, tazarar gida da wurin neman abinci ta ƙaru, abin hawa ya zama jari. Waɗannan matasa sun san lokacin juyen baƙin mai, sun san a duba ruwa da birki. Man giya kuwa, ƙalilan ne suka taɓa ganin launinsa. Ba duka laifinsu ba ne. Iyayen da suka koya musu tuƙi sun tashi ne da Peugeot 404 da 504 masu kuloci, motocin da giyarsu ke haɗiye sakaci shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Motocin da ke shigowa yanzu, musamman masu otomatik, ba su da wannan haƙuri.

Abu na farko da ya kamata matashi ya tuna shi ne motarsa ta yi wata rayuwa kafin ta zo hannunsa. Burkina Faso ba ta da bakin teku. Motocin gwanjon da mutanen gari ke kira France au revoir ana sauke su ne a Lome ko Tema ko Abijan ko Kwatano, sannan su yi doguwar tafiya a ƙasa; daga Lome zuwa Wagadugu kaɗai kusan kilomita 1,000 ne, ta kan iyakar Sinkase. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Binciken da ƙasar Holan ta yi kan motocin da ke fita ta tashoshinta ya gano yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20. Dillali zai wanke inji ya yi ƙyalli, ya goge kujeru, wani ma ya mayar da mitar kilomita baya. Man da ke cikin giyabos kuwa, sau tari shi ne wanda aka zuba a masana'anta ranar da aka ƙera motar, a ƙasar da ake ƙanƙara.

Giya mai kuloci ba ta da wuyar ganewa. Haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna a cikin akwati, direba ya taka kuloci ya raba inji da giya, ya zaɓi lambar da yake so da hannunsa. Aikin mai a nan shi ne ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Ko a nan ma akwai inda ake kuskure. Zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu na tagulla ne a motoci da yawa, kuma man da aka rubuta wa GL-5, wanda aka yi domin akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, yana iya sa zoben nan ya kasa kamawa yadda ya kamata. In littafin mota ya ce GL-4, to GL-4 ɗin za a nema. Direban da giya ta biyu ke yi masa ƙara da safe bayan an yi masa juye, ya fara tambayar me aka zuba.

Otomatik wani al'amari ne daban, kuma a nan ne matashi ya kamata ya natsu. Tsakanin inji da giyabos akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da mai, konbata. A kwatanta fanka biyu suna fuskantar juna, an kunna ɗaya, iskarta ta sa ɗayar juyawa. Haka abin yake a cikin tukunyar, sai dai mai ne ke yin aikin iskar. Ƙarfin injin gaba ɗaya ta cikin man nan yake bi kafin ya kai ga taya lokacin da mota ke tashi. Shi ya sa direba ke iya taka birki a danja, giya tana D, inji bai mutu ba.

Bayan tukunyar akwai famfo da injin ke juyawa, yana tura mai da ƙarfi zuwa wani allon ƙarfe mai ƙananan hanyoyi birjik. Kwamfutar mota tana buɗe wasu ƙofofi tana rufe wasu ta hanyar solonoyid, man ya je ya matse wasu siraran faya-fayai da aka jera, ɗaya na ƙarfe ɗaya mai fuskar wani abu irin takarda. Matse wannan rukuni a saki wancan shi ne canjin giya. Wato man giya a otomatik shi ne mai ɗaukar ƙarfi, shi ne hannun da ke sa giya, shi ke shafa wa ƙarfe santsi, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto, kuma dole ya kasance da santsi daidai gwargwado: in ya yi yawa faya-fayai su zame, in ya yi kaɗan su fizga. Babu wani ruwa a jikin mota da aka ɗora wa aiki irin wannan. Wanda ya gane haka ba zai ƙara ɗaukar man giya a matsayin ɗan'uwan baƙin mai da ake ciko da duk abin da ya samu ba.

Babban maƙiyinsa zafi ne. Giyabos yana jin daɗin aiki in man yana wajen digiri 80. Masana harkar mai suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 a kan haka, saurin lalacewar mai yana ninkawa. Sai a duba Wagadugu a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, an kunna iya-kwandishan, an cika but da kaya, ana bin bayan tirelolin unguwar masana'antu taku-taku, babura sun cika ko'ina. A irin wannan tafiya konbata zamewa kawai yake yi, kuma zamewar nan ita ke dafa mai. In mota ta hau buɗaɗɗen titi tana gudu ɗaya, akwai wani kuloci a cikin tukunyar da ke kulle ta, zafi ya sauka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan: tafiya Ziniyare da dawowa ta fi wa giyabos sauƙi a kan awa ɗaya a cunkoson cikin gari. Kamfanonin mota suna ware wani jadawali a littafinsu domin abin da suke kira aiki mai tsanani, su lissafa zafi da ƙura da gajerun tafiye-tafiye da ɗaukar kaya da hanyar da ba kwalta. A wurinsu wannan togaciya ce. A Kossodo rayuwar kullum ce.

Daga nan sai maganar irin man. Ga abin da ke faruwa a gareji kusan kowace rana. An aiki yaro ya sayo man giya na Corolla, ya dawo da galan mai araha.

"Maigida, ai ja ne, wancan ma ja ne. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne."

Maigidan da ya san aikinsa ba zai yi gardama ba. Zai zaro gejin giya, ya goge shi da tsumma, ya miƙa wa yaron: "Karanta abin da aka buga a jikin ƙarfen nan." A motocin Toyota da yawa an rubuta shi ƙarara, T-IV ko WS. Yaron ya juya galan ya duba bayansa, babu ko ɗaya. "To mayar masa."

Jan launin rini ne kawai, an sa shi ne don a bambance man giya da baƙin mai in ya zuba a ƙasa. Ba ya faɗin komai game da abin da ke cikinsa. Kamfanin General Motors na Amurka, wanda ya fito da giyar Hydra-Matic a motar Oldsmobile ta 1940, shi ya kafa sunan Dexron a 1967, kuma tun daga lokacin an sabunta shi sau da dama har aka kai Dexron VI, wanda ya fi na da tsinkewa. Har farkon shekarun 1970 ana haɗa man giya da man da ake tatsa daga wata ƙatuwar dabbar teku, sai da Amurka ta hana aka koma ga wasu sinadarai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sirrin man yana cikin abin da aka gauraya masa. Ford na da Mercon, Honda ta fito da Z1 sannan DW-1. Wasu ma ba ja ba ne. Man giyar AL4 da ke cikin Peugeot 206 da 307 da 406 ruwan zuma ne tun yana sabo. NS-2 na Nissan kore ne. Mercedes na da wani shuɗi na sababbin giyoyinta. Kowanne an auna santsinsa da kaurinsa ne daidai da faya-fayan da ke cikin giyar da aka yi shi dominta. Galan ɗin da aka rubuta masa cewa yana yi wa kowace mota, a duba bayansa a ga ko sunan da littafin ya ambata yana ciki. In babu, a bar shi a kanta. Araha ba ta ado, balle a nan da kuɗin galan huɗu na gaske bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba.

Inda kuskuren ya fi muni shi ne giyar CVT, irin ta Nissan Murano da Qashqai da X-Trail da Corolla ta Amurka daga 2014. Wannan ba ta da lamba ɗaya, biyu, uku. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu masu buɗewa da tsukewa, dabarar da kamfanin DAF na Holan ya fara sa wa mota a 1958 da bel na roba. Man CVT an yi shi ne don ya bar ƙarfe ya kama ƙarfe. A zuba mata man otomatik na yau da kullum, bel ya zame ya karce fuli, kuma karcen nan ba ya gyaruwa da juye. Ko da man da ya dace, giyar ba ta son zafi da lodi. A Amurka ma sai da Nissan ta tsawaita garantin CVT na motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000 saboda koke-koken masu saye. Matashin da sana'arsa ɗaukar buhuna ce ko bin hanyar ƙauye, ya yi tunani sosai kafin ya sa kuɗinsa a irinta.

Akwai kuma maganar da dillalai ke son maimaitawa, wai man wannan mota ba a canza shi har abada. Maganar tana da tushe. Mercedes ta fito da giyarta mai lamba biyar, 722.6, a tsakiyar shekarun 1990 ba tare da geji ba, ta ce man na tsawon rayuwa ne. Daga baya ita da kanta ta dawo ta ba da shawarar a canza a kilomita 60,000. BMW ma ta daɗe tana cewa man na tsawon rayuwa ne, alhali kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera mata giyar, ya ba da shawarar juye tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko shekara takwas. Rayuwar da mai ƙera mota ke lissafawa ita ce ta mai saye na farko. Motar da ta iso Wagadugu da shekara 15 a kanta ta riga ta cinye waccan rayuwar. A yanayin Wagadugu, juye a kowane kilomita 40,000 zuwa 60,000 ba almubazzaranci ba ne.

Duba man ba ya buƙatar komai sai farar takarda da haƙuri. A yi tafiyar minti goma sha biyar mota ta ɗumama, a tsaya a wuri mai daidai, a ja hambirki, a bi da sandar giya ta kowane harafi a hankali, a dawo P. A yawancin motoci inji yana aiki ake zaro geji; tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji, a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A goge, a mayar, a sake zarowa, a ga ko man yana tsakanin zane biyu na ɓangaren zafi. Sannan a ɗiga shi a takarda a ɗaga ta ga hasken rana. Mai lafiya garau yake, yana bazuwa a takardar da sauri, ana hango farinta ta cikinsa. Wanda ya gaji ya koma ruwan ƙasa, har yanzu da sauran dama. Wanda ya yi baƙi, ya tsaya wuri ɗaya, yana warin ƙauri, faya-fayai sun fara ƙonewa. A murza shi tsakanin yatsu biyu: in an ji tsakuwa-tsakuwa ko an ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, magana ta wuce juye. Kumfa a jikin geji alamar an cika shi fiye da kima ne ko ya yi ƙasa har famfo na zuƙar iska, kuma duk biyun ɓarna suke yi. Motocin da ba su da geji ana auna su ne ta wani noti a ƙasa, a ƙayyadadden zafi da na'ura ke nunawa. Makanikin da ya ce zai yi shi da ido, a gode masa a ƙara gaba.

Za a ji wasu dattawan gareji na cewa kada a taɓa man tsohuwar giya, da an canza za ta mutu. Sun ga abin da idonsu, ba ƙarya suke yi ba, amma dalilin daban ne. Mutane ba sa zuwa juye sai giya ta fara zamewa. A lokacin faya-fayai sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo a cikin tsohon man ne ke ɗan riƙe su. Sabon mai ya zo ya wanke garin, cutar da ke ɓoye ta fito fili, sai a ɗora wa man laifi. Hanyar da ta fi aminci ga motar da ba a san tarihinta ba ita ce a kwance noti a bar abin da zai fita ya fita, wanda bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba tunda sauran yana cikin konbata, a auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. A sauke kaskon ƙasa in ana saukewa, a canza matata, a duba mayen ƙarfen da ke manne a ciki: laushin baƙin gari ba komai, ɓarɓashi mai kaifi kuwa labari ne marar daɗi. Bayan 'yan makonni a sake. Kada a yarda a wanke cikin giyabos da fetur ko gas ko wani maganin kwalba. Makanikin kirki kuma zai faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin ya ɗauki sifana: "Alhaji, man nan ya ƙone. Zan canza, amma ban yi maka alkawarin za ta warke ba."

Ruwa shi ne maƙiyi na biyu, kuma ya fi zafi saurin kisa. Mutanen Wagadugu ba su manta da 1 ga Satumba 2009 ba, ranar da aka yi ruwan milimita 263 cikin sa'o'i kaɗan, har asibitin Yalgado Ouédraogo ya cika da ruwa, mutum wajen 150,000 suka rasa muhalli. Ba sai an kai ga irin wannan ba. Kowace damina akwai lungunan da ke zama tafki. A saman giyabos akwai ɗan bututun shaƙar iska. In ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Kaɗan ya isa ya ɓamɓare fuskar faya-fayai daga ƙarfensu. Wanda ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya duba geji a ranar. In man ya koma kamar an dama shi da madara, kada a ƙara tayar da motar.

Ruwan yana iya shigowa ta cikin gida ma. A motoci da yawa bututun man giya yana ratsawa ta cikin lagireto ne don ya huce. In bututun ya ɓule, ruwa da mai su gauraya. Wannan ya faru da Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 har ya zama sanannen ciwo. Al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo tsantsa tana gaggauta tsatsar da ke kawo haka. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fuskar lagireto, fanka ta yi rauni, inji ya ɗauki zafi, giya ta ɗauka tare da shi ba tare da wata fitila ta nuna ba. Mai motar haya ko mai jan kaya, ƙaramin lagireto na musamman da ake ƙara wa giya a gaba yana cikin abubuwa mafi amfani da zai saya.

Ba kuma kowace fizga ce laifin mai ba, kuma a nan ne matashi mai karatu ya fi na gabansa dama. Toyota RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ta yi suna wajen buga giya da ƙarfi, alhali ciwon yana cikin kwamfutar injin. Wanda ya canza giyabos bai gyara kwamfutar ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Peugeot mai AL4 takan yi gum, fitilar S da ta ƙanƙara su riƙa ƙyaftawa, mota ta maƙale a giya ta uku. Sau da yawa ƙananan solonoyid biyu ne masu daidaita ƙarfin mai suka gaji. Maƙalewar ma dabara ce ta kwamfuta don ta kare giyar har a kai gareji. Batir mai rauni ko wayar da ta saki tana iya haddasa irin wannan. Motocin Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da ramin da ake jona na'urar karanta matsala a ƙarƙashin sitiyari. Yaron gareji da ya iya karanta Faransanci ko Turanci, yake da waya a hannu, ya koyi wannan na'ura ya kuma koyi nemo littafin kowace mota, ya riƙe sana'ar da ba ta da masu yi da yawa a garin. Abin takaici ne a ga an sauke giyabos sukutum saboda abin da na'ura za ta nuna cikin minti biyar.

Sauran ɓarnar daga ƙafa da hannun direba take. Jefa R mota ba ta gama tsayawa ba. Barin nauyin mota a kan P a gangara ba hambirki, alhali ɗan ƙugiya ne kawai ke riƙe ta. Maƙalewa a laka a riƙa dannan totur ana gaba ana baya har mai ya tafasa. Sakin mota a furi wai don tsimin fetur, alhali motocin zamani da kansu suke yanke fetur in an ɗaga ƙafa giya na ciki. Mafi tsada a cikinsu shi ne ja da igiya. In inji a kashe yake famfo ba ya juyawa, cikin giyabos na gudu a bushe. Littattafan motocin Turai da yawa sun iyakance irin wannan ja ga kilomita 50, da gudun da bai wuce kilomita 50 a awa ba, wasu motocin ma sun hana sam. Kuɗin janwe mai ɗaukar mota a baya ya fi sauƙi.

Masu babur, waɗanda su ne suka fi yawa a titunan Wagadugu, su ma maganar ta shafe su. A yawancin babura mai ɗaya ne ke wa inji da giya da kuloci aiki. Baƙin man mota na zamani yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur zamewa. A nemi wanda aka rubuta wa JASO MA ko MA2. Babur mai ƙafa uku na dako yana da akwatin ribas da na tayoyin baya, kowanne da nasa mai, kuma su ne ake mantawa har sai sun fara kuka. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, babu mai iya rantsuwa kan abin da ke ciki. Wanda ya sayi galan na gaske ya tsaya a buɗe shi a gabansa, in an gama ya huda galan ɗin don kada a sake cika shi da wani abu a sayar wa wani. Tsohon man kuma a tara shi a duro. In aka zubar a kwata, damina za ta kai shi inda masu lambu ke ɗibar ruwa.

Ranar sayen mota ita ce ranar da matashi ya fi ƙarfi, domin kuɗin na aljihunsa. Ya je da sassafe kafin dillali ya ɗumama ta, don giya mai ciwo ta fi tona kanta da sanyi. Ya taka birki ya sa R, ya ƙirga: in ta wuce daƙiƙa biyu kafin ta kama, ko ta kama da duka, ya lura. Ya yi haka a D. Ya hau titi ya saurara ko inji na ƙara kuka tsakanin giya da giya mota ba ta ƙara gudu ba. Ya yi tafiyar da za ta sa ta yi zafi sosai, ya dawo ya sake gwada R, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Man da ya yi sabo fil a tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne, ya ji dalilin da ya sa aka canza shi jiya. In ciniki ya faɗa, kuɗin juyen farko ya shiga lissafin kuɗin mota, tare da na kwastan da inshora. Ya rubuta rana da kilomita da sunan man a ɗan kati ya haɗa da takardun cibiyar duba motoci ta CCVA, domin masu duba mota a can birki da fitilu da sitiyari da hayaƙi ne a gabansu, ba za su buɗe masa giyabos ba.